Jinin da Na Ce Ba Komai Ba Ne

Ni Yayata ta fara gaya wa. Muna zaune a bayan gidanta a Fadan Kagoma muna tsaga citta. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, amma tun da na yi aure a Kafanchan ta ɗauka na fi ta sanin harkar asibiti. Ta rage murya don kada 'ya'yanta su ji.

"Al'adata ta ɗauke tun Lahadi, amma har yau ina ganin ɗigo-ɗigo a wando. Wata na uku ke nan."

Ko wuƙar ban ajiye ba. Na ce, "Yaya, ba komai ba ne. Ni ma na yi."

Ba ƙarya na yi ba. Lokacin da na fara allurar tazarar haihuwa na ga irin haka, nas ta ce jikina ne yake sabawa da maganin, kuma ya daina da kansa. Abin da ban tambaya ba shi ne ko ita tana allurar. Ba ta taɓa yi ba.

Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma na manta. Da na je taron zumuntar mata a cocinsu na ga ta koma benci na ƙarshe kusa da taga, ita da take jan waƙa a gaba. Na ce gajiya ce.

Bayan shekara guda mijinta ya zo gidana. Mutum ne mai kunya, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya buɗe baki. Ya ce duk lokacin da suka kwanta tare sai ta yi jini. Yanzu kuma ga wani ruwa mai wari, ga ciwon baya da yake hana ta sunkuyawa. Ta sha sassaƙe, ta sha kafso na kemis, abin sai gaba yake yi.

Washegari na kai ta asibiti. Likitar mace ce. Bayan ta duba ta sai ta cire safar hannu, ta zauna, ta tambaye ta tun yaushe.

"Ya fi shekara," in ji Yaya.

Likitar ta ce ɗigon jini bayan al'ada sau da yawa ba abin tsoro ba ne. Yakan zama ragowar jini, ko aikin maganin tazara, ko ciwon sanyi da za a iya warkarwa. Amma idan yana dawowa wata bayan wata, ko yana zuwa bayan saduwa, ko ya haɗu da wari da ciwo, ba a zama a gida. Sannan ta ce, "Mama, wa ya ce ki jira?"

Ina tsaye a bayan kujerar, riƙe da jakarta. Yaya ta dubi ƙasa ta ce, "Ba kowa."

Gwajin ya nuna ciwon daji ne a bakin mahaifa, ya riga ya bazu. Aka tura mu babban asibiti, aka yi ta gasa ciwon da na'ura, ta rame har zaninta yana zagaye ta sau biyu. Daga baya suka ce mu koma gida da maganin rage zafi.

Na dawo da ita ɗakina. Wata safiya ina goge mata jiki na ce, "Yaya, ki gafarta mini. Ni na ce ba komai."

Ta ce, "Na ji tsoro ne. Abin da nake so in ji kika faɗa mini. Juya ni, bayana yana zafi."

Na juya ta.

Ta rasu a makon Ista. Bayan jana'iza da wata biyu na je aka yi mini gwajin bakin mahaifa. Aka ce lafiyata ƙalau. Na fito da takardar na zauna a bencin baranda, na kasa tashi, har wata mai ciki ta roƙe ni in matsa mata.