Zaren da nake auna bayana da shi

Likitocin da suka tsaga mini ƙirji a Katsina sun cuce ni da shirunsu. Sun gaya mini kada in daka, kada in ɗauki tulu. Ba wanda ya ce wata wuta na iya biyo ɗinkin.

Sati uku da komawata gida Darini, ƙuraje masu ruwa suka fito ƙarƙashin nonona na hagu, suka jeru suna bin haƙarƙari zuwa baya. Ko riga ta taɓa sai in ji kamar garwashi.

Yayata ta zo daga Zakka, ta ɗaga mini riga, ta duba.

"Fitsarin gizo-gizo ne, irin na Inna," in ji ta. "Ranar da ƙurajen suka zagaye ta, kai ya haɗu da wutsiya, aka yi mata wankan gawa."

Tunda abin ƙuna yake, gidan maƙeri ta kai ni. Ya yi tofi, ya shafa mini tokar maƙera. Kwana tara muna haka. Kowace safiya in zagaya zare a jikina, in ƙulla inda ƙurajen suka tsaya, in rubuta a littafina na yaƙi da jahilci. Da girmana na koyi rubutu, ga abin da nake yi da shi: lissafin tazarar da ta rage tsakanina da Inna.

Da ɗinkin ya fara ruwa na tafi asibitin Batsari. Malamar asibiti ta goge tokar tana tsaki.

"Baba, kin taɓa yin ƙarambau?"

"Ina yarinya, kafin a haifi uwarki."

"To shi ne. Bai taɓa barin jikinki ba, aikin da aka yi miki ne ya tashe shi. Gefe ɗaya yake tsayawa, ba ya zagayewa. Da kin zo da wuri da magani ya fi kama shi."

Na karɓi ƙwayoyin, amma maganarta ta tsaya mini a rai. In ba ya zagayewa, me ya kashe Inna? Ita ma toka muka yi ta shafa mata, tana tari, muna kallon bayanta.

Washegari na sa zaren a bakin zane, na hau babur zuwa Zakka. Yaya ce ta yi wa Inna wanka. Ina so ta dube ni ta faɗa ko da idonta ta ga kai da wutsiyar sun haɗu.