Mai Aron Murya

Ni 'yar fari ce, don haka ban yi wayo a ɗakin mahaifiyata ba. Ranar da aka yaye ni aka ɗauke ni daga Gusau aka kai ni Nahuce wajen kakata Tumba, wai in kwana biyu in manta da nono. Kwana biyun nan bai ƙare ba sai da na isa shiga sakandare. Duk wanda aka aiko da maganar mayar da ni, sai Kaka ta ce ya sha fura tukuna, kafin ya ajiye ludayi ta kawo zancen ruwan bana.

Ban taɓa ganin wanda aka kira sunansa kamar yadda Kaka ta kira nawa ba. Balkisu tashi, Balkisu ci tuwo, Balkisu wa ya fasa tulu. Ko faɗa za ta yi mini sai ta fara da sunan, ta ja shi har maƙwabta su san yau na yi ɓarna. Inna kuwa, mahaifiyata, idan ta zo ganin gida ko inda nake ba ta kallo. "Ke," take ce mini, ko ta dubi wani ta ce, "Ku ce ma waccan ta kawo buta." Ko a jikina. Haka kowace uwa take da ɗan fari a wajenmu, kunya ce, kuma wadda ta kira sunan ɗanta na fari a gaban mutane sai an yi da ita a gari.

Idan damina ta fara ja da baya, masara ta nuna, Kaka kan hura wuta a bakin ɗakin girki bayan an idar da isha'i. Mu jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta, kowa da masararsa a kan garwashi. Hayaƙi na korar sauro, kwaɗi na ta kuka daga fadama. Kaka ba ta da haƙoran ci, amma ba ta fara tatsuniya sai an zaɓar mata mafi taushi an ɓare mata a tafin hannu. Yawancin labaranta na kura ne da wautarta, mu yi dariya har wani ya ƙware.

Wani dare muna zaune, sai muka ji daga can wajen gulbi wata murya ta ja wani suna. Ba mu ji sunan sosai ba, iska ta yanke shi. Wani ɗan kawuna mai rawar kai ya ɗaga murya ya ce, "Na'am!" don mu yi dariya. Kaka ta jefe shi da totuwar masara, kuma ba jifan wasa ba. Ta kasa kunne har sai da kwaɗin suka ci gaba da kukansu.

"Ka ga mai kiran?" ta ce.

"A'a, Kaka."

"To wa ka amsa ma? Ku matso nan. Ga wata nan tahe, amma wagga babu dariya cikinta."

Ta ce a wani gari na bakin gulbi an yi wata mata da 'yarta ta fari, sunanta Kulu. Uwar tana son yarinyar kamar ranta. Ita ce mai rufe ta da zane idan barci ya kwashe ta, ita ce mai ɓoye mata tsoka ta ba wani ya miƙa mata. Amma ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma Kulu ba ta san wanda ke rufe ta ba.

A cikin gulbin kuwa akwai wata aba da ba ta da fuska, ba ta kuma da murya tata. Mai Aron Murya ake ce mata. Da magariba takan fito ta laɓe jikin danga tana sauraron gidaje, ta ji wa ke kiran wa. Gidan da ake kiran kowa da sunansa ba ta daɗewa a nan, domin yaro ya san yadda sunansa yake a bakin uwarsa, ko yaya aka kwaikwaya sai ya gane. Ta bi gida-gida har ta zo gidan su Kulu. Ta saurara, ta ji ana kiran ƙannen, ana kiran akuya, ana kiran mai talla, ba a kiran Kulu.

"Ina kakarta?" na tambaya, don ni a ganina nan gyaran yake.

"Ta riga mu gidan gaskiya tun Kulu na goye," in ji Kaka. "Da tana da tsohuwa irina, mi za a ara a kira ta da shi? Sunan da ta gaji da ji? Rihe baki ki ji."

Ranar nan Kulu na wanke kwanuka a tsakar gida, sai ta ji muryar uwarta daga bayan danga. A nan Kaka ta sauke murya, ta yi ta da taushi, irin taushin da ban taɓa ji a bakinta ba: "Kuluwa." Duk muka matse jikin juna. Kulu ta san uwarta na ɗaka, da idonta ta ga shigarta. Amma abin da ta daɗe tana jira ke nan tun da ta yi wayo. Ta ajiye kwano ta fita. Muryar ta koma bayan rumbu, ta bi ta. Ta koma cikin gero, ta bi ta. Kullum tana gaba kaɗan, kullum da sunan.

Uwar ta fito ta ga kwano a ƙasa, ta sa ihu, gari ya biyo ta, har da surukanta da dattawan unguwa. Suka iske Kulu cikin ruwa iya gwiwa. Uwar ta ce, "Ke! Ke yarinya, dawo!" Daga tsakiyar gulbi muryarta ta amsa, sak ita, "Kuluwa, taho." Uwar ta buɗe baki, ta waiwaya ta ga surukinta tsaye, bakin ya yi mata nauyi. Ruwa ya kai ƙugu. "Ke, ba ki ji ne?" Ruwa ya kai ƙirji. Sai a lokacin ta yar da kunya ta ƙwala sunan. Amma harshen bai saba ba, sunan ya fito a karkace yana rawa, kamar a bakin baƙo.

"Kulu tat tsaya," in ji Kaka, tana kallon wuta ba mu ba. "Tas saurari wagga, tas saurari waccan. Tac ce, wadda ta iya sunana ita ce uwata. Tat tahi."

Muka jira ta ce an ceto ta, ba ta ce ba. Ta ce har yau idan rana ta faɗi akan ji mace na kira a bakin gulbi, kuma ba wanda ya san ko uwar ce ko abar ce. Sannan ta ce kowa ya riƙe: in an kira ka da magariba, kada ka amsa sai ka ga mai kiran. Ta tura toka kan garwashi ta ce labari ya ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa. Da bakin zanenta a hannuna na kwana.

Shekaru sun tafi, Kaka ma ta tafi, Allah ya jiƙanta. Yanzu a Ingila nake, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Tun da duhu nake fita in jira bas, yatsuna a sandare. A wajen aiki dokar farko da aka koya mana ita ce ka kira mutum da sunansa, ka ƙwanƙwasa ƙofa ka kira shi, ka ba shi magani ka kira shi. Ni da ake cewa ina da nauyin baki, ga ni ina yini ina rangaɗa sunayen tsoffin Turawa har da murmushi. Idan na dawo, maigidana na shirin fita nasa aikin, a bakin ƙofa muke gaisawa kamar masu canjin gadi.

'Ya'yanmu biyu. Babbar Safiya ce, sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, ka ga kunya ta zama biyu, ga 'yar fari ga sunan suruka. Babanta "Hajiyata" yake ce mata. Ni kuwa da "ke" na fara, da aka haifi ƙaninta Sadiq na samu mafita, na koma ce mata Yaya. Kunyar nan tare da kuka da daddawa na ƙullo ta daga gida, ban ma san na sa ta a kaya ba. A asibiti idan aka tambayi sunan yarinya sai in miƙa kati, in an matsa mini in faɗe shi harafi-harafi, matar teburin na kallona kamar na sato 'yar. Sadiq kuwa sunansa ba ya hutawa a bakina, daga ido ya buɗe har ya rufe.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a gida kunyar nan ba ita kaɗai take tafiya ba. Uwa na kawar da kai ne don ta san akwai kaka a bayanta, akwai gwaggo, akwai maƙwabciya, masu kiran yaro har ya gaji. Ni rabin al'adar na ɗauko na tsallaka da shi teku, ɗaya rabin yana kwance a maƙabartar Nahuce. A nan daga mu sai bango.

Wata rana cikin hunturu, lokacin da duhu ke shigowa tun la'asar, aka sallame mu da wuri. Na buɗe ƙofa a hankali. Maigidana na kicin da Sadiq, ina jin ƙarar ruwan famfo. Ina tsugune a gindin bene ina kwance takalmi, sai na ji muryata daga sama.

"Safiya. Safiya, zo nan."

Muryata ce, wallahi. Yadda nake jan ƙarshen magana, har da karin harshen Zamfara da shekarun nan ba su goge ba. Ni ce nan tsugune da takalmi a hannu, ni ce kuma can sama ina kiran 'yata. Na yi a'uziyya, na hau benen ina dafa bango.

Ƙofar ɗakinsu a ɗan buɗe take, ba a kunna fitila ba. Safiya na zaune a bakin gado ta ba ni baya, tana taje gashinta da kanta. Ba kowa a ɗakin sai ita. Ta sauke murya ta mayar da ita tawa: "Safiya, kin ci abinci?" Sannan ta amsa da siririyar muryarta, "Na ci, Mama." Ta sake komawa tawa. "Yawwa, Safiyata. Tsaya in gyara miki kai." Daga yadda abin ke fita sumul na gane ba yau ta fara ba.

Na sauko da baya na zauna a matakalar ƙasa, na yi kuka ba sauti. Duk tsawon rayuwata na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce ga yara, kada su amsa kiran da ba su ga mai shi ba. Ban taɓa tsayawa a wurin matar da ke bakin ruwa ba. Ina jin tsoro, tsoro na gaske, ba na aljani ba. Yarinyar nan za ta girma a ƙasar da malamai da ƙawaye da duk wanda ya ga dama ke kiran sunanta da daɗi, kuma wata rana za ta bi wanda ya fi iya kiran.

Na share fuska na miƙe. Ba surukata a gidan, ba dattijo, ba mai yi da ni, amma na ji kamar duk Nahuce na tsaye a bayana. Na buɗe baki na rufe. Na sake buɗewa.

"Safiya."

Ya fito a shaƙe, ni kaina ban ji daɗinsa ba, nata ya fi nawa kyau. Ba ta amsa ba. Can na ji takunta, ta fito ta tsaya a kan bene da matajin a hannu. Ta dube ni, sannan ta leƙa bayana wajen ƙofa, tana neman wanda ya kira ta.

Na sake kira, tana kallon bakina.

Ta sauko a hankali har ta zo daidai fuskata, ta daɗe tana dubana, sannan ta yi magana da 'yar Hausarta ta yaran turai.

"Mama," ta ce, "ashe kin iya."