Likkafanin Gwaggo

A Matameye, 'yan shekaru kafin Faransawa su tafi, yayar babana tana zaune a gidanmu. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, idonta ya kusa mutuwa, amma bakinta garau yake. Burinta ɗaya ne: a binne ta cikin farin likkafanin da ta kaɗa zarensa da hannunta, ba akoko, yadin kasuwa, ba. Don haka ta shuka auduga a bayan gida, ni kuma ta maishe ni idonta.

Wata ranar kasuwa Gwaggo ta gaya wa babana wai ta ji muryata a wajen 'yan wasan kura. Na sha bulala har na kasa zama. Ban yi kuka ba, amma na riƙe ta a ciki.

Akwai wani ƙwaro kore mai sheƙi da ɗigo-ɗigo, bayansa da tauri kamar garkuwa, in ka matse shi sai wari. Bayan damina yana cika shingen bini-da-zugu tun daga hanyar Kance har Yauri. Siririn bakinsa yake soka wa ƙwallon auduga ya tsotse, audugar ta fito da dabbare-dabbare ruwan ƙasa. Na riƙa ciko gwangwani da su ina juyewa a shukarta.

"Ke 'yar nan, akwai ƙwari?"

"Babu ko ɗaya, Gwaggo."

Abin da ya tsira ta tsince, ta zauna da mazari rani biyu. Matan gida suna ganin zaren, suna toshe baki suna dariya, ba wadda ta faɗa mata. Ni ce ma na fi kowa jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Da masaƙi ya kawo ƙyallen, ta shafa shi ta kira ni.

"Fari ne?"

"Fari fat, Gwaggo."

Ta sa mini albarka, har da ba ni ƙuli-ƙuli.

Ranar da ta rasu aka warware ƙyallen a gaban masu wanka. Babana ya duba sau ɗaya ya ce ba za a kai yayarsa kabari cikin wannan ƙazanta ba, mutane suna kallo. Aka aika kasuwa aka yanko akoko.

Ƙyallen kuwa, sai babana ya ninke shi ya ɗinka wa jakinmu akumari. Ni nake ɗora masa kowace safiya in za mu rijiya, kuma har ya yage ban gaya wa kowa zancen ƙwarin ba.