Farin Fenti a Kan Dutsen Baftisma

Sana'ata sayen tsofaffin kaya ce a gidajen da masu su suka mutu, in sayar wa masu son irinsu. A wata gonar dawakai a Summerfield, nan Amurka, na ga dutsen, dawakai na shan ruwa a ciki. Kwano ne na dutse mai fuska takwas, ya kai ƙugun mutum, gansakuka ta lulluɓe shi. Magadan suka ce kakansu ne ya kawo shi daga cocin wani ƙauye a Ingila, a cikinsa ake yi wa jarirai baftisma.

Wani tsohon Fada Bature mai ƙaramin coci a McLeansville ya zo garejina ya gani. Ya daɗe yana shafa shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada a wanke, kada a kankare, yadda yake haka yake so. Na ba shi hannu a kai. A wannan sana'a, in maganarka ta tashi sau ɗaya, ka gama.

Ranar da zai zo ɗauka, ina kan titin Wendover cikin cunkoson motoci, surukata ta kira. Ba ta daɗe da zuwa daga Kafanchan ba.

"Ɗana, ashe Fada ne zai zo? Shi ne ba ka faɗa ba? Na sami farin fenti a garejinka."

A can gida, in babban limamin coci zai zo, har duwatsun bakin hanya ake shafa wa fari. Amma fentin nan mai mai ne, dutsen kuma yana sha kamar soso. In ya shiga, ya shiga ke nan.

Ni kuwa ban taɓa ce wa matar nan a'a ba. Ko ido ba na haɗawa da ita. Na kira matata, tana bakin aiki a asibiti, ba ta ɗauka ba. Sai na kira Mama, surukar tawa, na shiga gaisuwa don in riƙe mata hannu da waya. Na tambayi ƙafarta, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har akuyar da ta bar wa maƙwabta.

"Duk lafiya. Yi ta magana, ina jin ka, na ajiye wayar a kan kujera. Wannan murfin gwangwanin ne ya ƙi buɗuwa."

Sai na ji ƙarar buɗuwarsa. Fitilar titi ta ba da hannu, motar gabana ba ta motsa ba.

"Mama, da kun huta, in na zo sai mu yi tare."

"Kai da ka bar abin Allah da datti kamar kwamin jaki? Hutu na kabari."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ce, "Mama, ku ajiye burushin nan. Yanzu. Kada ku taɓa dutsen."

Sai wayar ta mutu.

Da na isa, motar Fada na ƙofar gida. Gwangwani a buɗe, burushi a ƙasa. A fuska ɗaya ta dutsen akwai fari, faɗin tafin hannu. Mama na tsaye a gefe, ta harɗe hannuwa, ba ta dube ni ba.

Ban ɓoye wa Fada komai ba. Na ce alkawari ya karye a gidana, in ya fasa, ba shi da laifi. Ya tambayi dalili, na fassara wa Mama.

"Gaya masa, a wurinmu ba a miƙa wa baƙo kayan Ubangiji da ƙazanta."

Fada ya durƙusa da ƙyar, ya dubi farin, ya daɗe. Sannan ya ce zai ɗauka, amma fuskar da aka shafa wa fari, bango za ta kalla.

Mama ta ɗauki burushinta ta nufi famfo. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ashe kana da murya."