Ranar da Na Tuƙa Tuwo a Kan Tebur

Ban taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar Mustafa a nan Zangon Lome ba, kuma ku da kuka shigo aikin girkin biki kwanan nan ya kamata ku ji. A lokacin ni ce shugabar masu girki, mu huɗu ne. Ƙa'idarmu ita ce ana gobe taro in je in duba tsakar gida, in zaɓi wurin murhu. Na je na duba, amma ban leƙa kicin ba, don mu ba ma girki a ɗaki.

Mustafa ma'aikacin ofis ne a unguwar Nyékonakpoè, yaron kirki, sai dai duk abin da ya gani a waya sai ya gwada. Matarsa na da ciki ya sayo bulo da siminti, ya gina wani dogon tebur a tsakiyar kicin da hannunsa, ya shimfiɗa masa tayil, ya kira shi "ilo", wai sunansa ke nan da Faransanci. Mahaifiyarsa Hajiya Rabi ta ga ya cinye ɗakin, sai mutum ya bi ta gefe a karkace. Ta rantse da an gama suna za ta kira magini ya rushe shi. Mustafa har ramewa ya yi don damuwa.

Ranar suna da safe, mun ɗora ruwan tuwo ke nan sai sama ta ɓalle. Kun san daminar Lome. Tsakar gida ta cika da ruwa, wuta ta mutu, ga baƙi sun fara zama a rumfa. Muka kwashi kaya muka ruga kicin, amma babu inda babbar tukunya za ta zauna a ƙasa. Dole muka ɗora murhun gas a kan ilo, bakin tukunya ya zo mini daidai goshi.

Tuwon masara na taro kuwa ba a tuƙa shi a tsaye. Zama ake yi a kujera, a maƙala ƙarafa biyu a kunnuwan tukunya, a take su da ƙafa, sannan a ja muciya da ƙarfi. Na dubi tukunya, na dubi tebur, na ce a ɗora mini kujerata a kan teburin.

Mustafa ya shigo da shaddarsa ta suna, ya same ni ina tattare zane.

"Tanti Asabe, me za ki yi? Wallahi bai taɓa ɗaukar abin da ya fi faranti ba!"

"To yau zai ɗauki Asabe, ɗana. Zo ka riƙe mini ƙafar kujera, tayil ɗinka santsi gare shi."

Ku da kuka san jikina kun san hawan nan ba wasa ba ne. Mata biyu suka tura ni, ɗaya ta ja. Gaskiya na ji tsoro, kuma na ji kunya. Na zauna can sama ina tuƙi, Mustafa na durƙushe yana rungume da kujera, tururi na dukan fuskarsa, duk jan muciya sai ya ce "Dusuma, Tanti, a hankali!" yana salati.

Muna cikin haka Hajiya Rabi ta leƙo. Ta daɗe tana kallonmu. Ta zagaya teburin a karkace, ta duƙa tana neman tsaga, ba ta samu ba. Ta gutsuri tuwo ta ɗanɗana, babu gudaji ko ɗaya.

"Abin da ya ɗauki Asabe da tukunyarta, wane magini ne zai iya fasa shi?" in ji ta. "A bar masa kayansa."

Mustafa ya saki kujera zai rungume Hajiya, na kwarma ihu, ya dawo da gudu.

Ilo yana nan har yau, Hajiya ma a kansa take yanka albasa. Don haka in an aike ku duba gida, ku leƙa har kicin, don mai gida yana iya gina komai. Kuma ku riƙa sa wando a ƙarƙashin zane.