Naman da Perepetwa Ba Ta Taɓa Ci Ba

Duk unguwar Nyendo babu bakin da bai san suyar aladen Perepetwa Nalubwama ba, in ka cire bakin Perepetwa. Wannan abu da ban haushi yake.

Tana budurwa ta koyi suyar a kicin ɗin limaman coci. Ana gobe za a kai ta ɗakin miji, gwaggonta ta zaunar da ita ta karanta mata doka: macen kirki ba ta cin kaza, ba ta cin ƙwai, ba ta cin alade, wadda ta ci ta zubar da mutuncin gidansu. Perepetwa ta ce to. Wannan "to" ɗin ta riƙe har furfura ta cika mata kai.

Kowace Lahadi, in an tashi daga coci, mijinta Ssempijja zai shigo da haƙarƙari, yanka masu kauri, kowanne da ƙashinsa. Sai kasko ya yi zafi jau take ɗorawa, kuma ba ta juyawa sai gefen ya yi ja. Ta kwashe ta rufe. Wata mace da sai ta wanke kaskon, ita kuwa a nan aikin yake. Ƙanzon da ya kama ƙasa ta zuba masa tafarnuwa da albasa da ɗan romo, ta kankare da cokalin katako, ta tsinko ɗoɗɗoya a bayan ɗaki ta watsa, ta jefa man shanu, ta matsa lemon tsami. Gishiri da ido take aunawa, nuna kuwa hanci ke gaya mata. Ta durƙusa ta ajiye wa maza, ta koma kicin ta ci dafaffiyar ayabarta da miyar gyaɗa.

Su kuma su share faranti su ce, "Kai, Ssempijja, ka iya zaɓen nama!" Ji fa! Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Wata Lahadi abokinsa Lubowa ya zo da ƙanwarsa Agata daga Kampala, dattijuwa sa'ar Perepetwa. Perepetwa ta kawo wa baƙuwa ayaba, kamar yadda aka saba.

"Wace irin rowa ce wannan?" in ji Ssempijja. Ya ɗauki yanka mafi girma da hannunsa ya sa wa Agata, ya malala mata romo. Baiwar Allah ta ci har da suɗe yatsu.

Perepetwa tana durƙushe ta ce a hankali, "Maigida, mace ce fa."

"To sai me? Ai an daina wannan camfin tuntuni, maman yara."

"Ni fa?"

"Ke? Wa ya hana ki? Ai ba ki taɓa cewa kina so ba."

Ya yi dariya, mazan suka taya shi. Wai wa ya hana ta! Mutumin da ya taɓa kai ƙararta gidan iyayenta don ya kama ta tana lasar cokali! Ashe ya san doka ta mutu, ya yi shiru don kada rabonsa ya ragu. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa ji ba tun da ta shigo gidan.

Ta dafa tebur ta miƙe, gwiwoyi suna ƙara. Ta jawo kujera ta zauna cikin maza, ta jawo farantin mijinta gabanta.

"Haba, Perepetwa, a gaban baƙi?"

"A gaban baƙi ka faɗa, a gaban baƙi zan ci. Ɗauke hannunka."

Ya ɗauke. Ta yanki tsoka ta dangwala a romon, ta kai baki, ɓangaren da haƙora suka rage mata, tana taunawa a hankali. Lubowa ya sunkuyar da kai. Sai ga hawaye yana bin kumatun Perepetwa.

Agata ta dafa ta. "'Yar'uwa, lafiya? Ko bai yi miki ba ne?"

Perepetwa ta girgiza kai, ta haɗiye.

"Ashe na iya girki," ta ce.