Dogon Yaron Inna Kulu

Har na bar aikin gandun daji ban manta da ranar da na raka Bawa Mai Gatari garin Dalijan ba. Tun da labarin rasuwarsa ya iso mini a daminar bara nake son in ba ku wannan labari, ku da kuka shigo aiki bayanmu.

A lokacin ina malamin daji a Gwandu. Ga wanda bai sani ba, ba a sare babbar bishiya sai malamin daji ya je ya duba ta, ya shafa mata jan fenti, sannan a ba da izini. Ƙa'idarmu kuma a sare daga gindi, kusa da ƙasa, don kada a yi asarar katako.

Bawa mutumin Diggi ne ta wajen Kalgo, kuma duk yankin nan shi ake nema idan aiki ya yi wuya. Gajere ne, tafin hannunsa kamar bayan ƙwarya. Ba ya kwana a garin mutane. Komai nisa sai ya koma ya ci tuwo da 'ya'yansa, har muna yi masa tsiya cewa uwargida ce ta kafa masa doka. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, idan ya iso wurin aiki ba ya fara duban bishiya. Mutanen gida yake bi da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har in ƙosa.

A farkon damina iska ta tsaga wani tsohon iccen dogon yaro a gidan Malam Umaru da ke Dalijan, ya karkato kan ɗakin mahaifiyarsa, Inna Kulu. Na duba, na ga hadari ɗaya ya isa ya kwantar da shi a kan ɗakin. Na shafa fenti, Malam Umaru ya kira Bawa.

Da muka iso da hantsi, sai muka tarar da tsohuwar ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar. Ɗanta ya yi lallashi har ya gaji. Ni ma na gwada da bayanin hukuma, ko kallona ba ta yi ba. Ga gabas ta fara haɗa baƙi.

Bawa ya jingine gatarinsa a bakin zaure, ya shiga hannu sake, ya durƙusa ya gaishe ta. Na matso don in ji me zai ce da mu ba mu ce ba.

"Inna, wa yad dasa iccen ga?"

"Maigidana, shekarad da anka kawo ni gidan ga."

"Mi ag gare ki ƙarƙashinai?"

Ta dafa ƙasa da tafin hannu. "Cibiyar ɗiyana duka nan take. Umaru kaɗai yar rage min. In kunka tone gindin ga, ina za ni zamna in tuna su?"

Malam Umaru ya sunkuyar da kai. Ya san maganar tun yana yaro, amma tsoron kada ɗaki ya danne uwarsa ya mantar da shi. Ni kuwa tausayi ya kama ni sosai.

Bawa ya ja ni gefe. "Malamin daji, in ka yarda, ba ni taɓa gindi. Daga bisa za ni sabko da shi, reshe reshe, in bar mata kututture tsawon mutum. Dogon yaro na tohowa."

Na ce masa ƙa'ida ba ta ce haka ba, kuma hawa tsagaggen icce a shekarunsa ganganci ne, ga iyali suna jiransa.

"Don su nika cewa haka. Cibiyan nawa ɗiyan ma gindin tsamiya take, gidana. Wanda yat taɓa ta, ni da shi ne."

Na auna. An sa ƙa'idar ne don katako, nan kuwa ran tsohuwa ake magana. Na ce ya hau, zan yi wa shugabana bayani da kaina.

Da Inna Kulu ta ji ba za a taɓa gindi ba, ita ta naɗe tabarmarta ta koma zaure. Bawa ya hau da igiya. Kowane reshe sai ya ɗaure shi tukuna, ya sare, mu da ke ƙasa mu sassauta igiyar a hankali har ya sauka. Duk lokacin da iska ta kaɗa, tsagar nan sai ta yi ƙara. Shi kuwa yana sama yana tambayar Malam Umaru ko ya yi shukar gero. Bayan la'asar ya datse gangar jikin daidai kafaɗarsa. Muna kwance igiya yayyafi ya fara, ɗakin yana tsaye, ko azara ɗaya ba ta motsa ba.

Washegari shugabana ya saurare ni, ya ce, "Ka tabbata ba wanda ya ji ciwo?" Na ce babu. Ya ce to, shi ke nan.

Ga abin da nake so ku riƙe. Izini sunan mutum ɗaya yake ɗauka, amma bishiyar cikin gida ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma mai haƙƙi mafi girma a kanta sau da yawa ba ya zuwa ofis. Daga ranar ban ƙara buɗe gwangwanin fenti a gidan kowa ba sai na nemi tsohuwar gidan na durƙusa na gaishe ta. Allah ya jiƙan Bawa, ya raya abin da ya bari.